Shekarar da Kyaftin Ta Daina Ci

Kwana tara ke nan Kyaftin ba ta sa komai a bakinta ba, ni kuwa kwana tara ke nan ina yi wa kaina ƙarya.

Nakan riga kowa zuwa gidan nunin kifin da nake aiki, tun ƙarfe bakwai na safe, kafin a kunna fitilun zaure. A wannan lokacin ba a jin komai sai gurnanin injinan ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ba a ganin wani haske sai shuɗin da ke fitowa daga tankunan gilashi yana rawa a jikin rufi. In na daɗe a tsaye, sai in rasa gane ko ni ce a cikin ruwan, kifayen ne suka zo kallona. Shekara ashirin da bakwai ina shigowa haka, har yau ban ƙoshi ba.

Tankin Kyaftin ne na ƙarshe, can a lungu. Na ɗauko tana mai rai da dogon awartaki, na kaɗa mata a gaban hanci. Ko kallo tanar ba ta ishe ta ba. Tana kwance a miƙe, ta kafa kanta a bakin bututun da ke shigo da ruwa, kamar mai sauraren wata magana daga nesa.

Kyaftin ol ce, dogon kifin nan mai santsi da masu yawon buɗe ido ke gani su yi ihu wai maciji. A zamanin kakata, duk gidan da ke da rijiya a garinmu yana da ol ɗaya a ciki. Shi ke cinye tsutsa da ƙwarin da suka faɗa, kuma muddin yana raye an san ruwan lafiyayye ne. Babana Torgny yana ɗan shekara tara ya kamo ta a rafi da hularsa, lokacin ba ta fi igiyar takalmi ba, ya jefa ta a rijiyarmu. Ya sa mata Kyaftin don ya ɗauka namiji ce. Sai bayan shekara arba'in da uku, da aka jawo mana famfo aka daina shan rijiyar, na kawo ta nan a bokiti ranar da na kama aiki, masana suka auna suka ce ai mace ce, namiji ba ya kai wannan girman. Baba ya ce ya tsufa da sake suna, Kyaftin ta zauna Kyaftin.

Aikina shi ne in tsaya a gaban tankin nan in yi wa 'yan makaranta bayani. Sau biyu a rana, wani lokacin sau huɗu. Ina gaya musu cewa duk wani ol da ke rafukanmu ba a nan aka haife shi ba, can ne a tekun Sargaso, tafiyar fiye da kilomita dubu shida. Yana zuwa mana yana ɗan mitsitsi, ya hau kogi, ya zauna cikin laka shekara goma ko ashirin yana ci yana ƙiba. Wata shekara kuma, da kaka, gab da shigowar sanyi, sai ya ji kira. Tumbinsa ya koma launin azurfa, idanunsa su ƙara girma, hanjinsa ya shanye, ya daina ci har abada. Ya kama hanyar gida, ya hayayyafa, ya mutu a can. Ba wanda ya taɓa ganin wannan haihuwar da idonsa. Nan nake rage murya, yara su yi tsit, sai in rufe da maganar da na maimaita sau dubbai: "Duk wanda ya tare ol a hanyarsa, ya tare 'ya'yansa miliyan."

Wannan magana ta ci ni da tsada a gida. Baba masuncin ol ne tun tasowarsa, masu tafiyar nan yake tarewa da taru a bakin kogi kowace kaka. Ni kuwa na yi shekara shida ina yawo da allon hotuna daga makaranta zuwa zauren taron gari, ina cewa ol ya kusa ƙarewa a duniya. Ranar da aka hana kamun sa a gaɓarmu, har da sa hannuna a takardar koke. Baba ya rataye tarunsa, ya kashe wutar bandarsa, ya yi wata bakwai bai ce min ci kanki ba. Tun daga nan Malama yake kirana, kuma ba don girmamawa ba.

Ƙarfe goma muka zauna shan kofi da Sölve, mai kula da injina da lafiyar kifaye. Ƙato ne mai gemu, shekara goma sha takwas muna aiki tare, ban taɓa ganin ya yi sauri ba.

"Ta ci?" ya ce, bakinsa cike da burodi mai kirfa.

"Cikinta ne. Tanar wannan makon ba ta da kyau."

"Tana kuma! Jiya kin ce jatan lande ne, shekaranjiya kin ce hayaniyar yara. Gobe sai ki ce gwamnati ce."

"Kai dai ci burodinka, kar ya shaƙe ka."

"Vendela, na ga tumbinta. Walƙiya yake kamar cokalin biki. Idanun nan kuwa sun kusa kai maɓallin kwat ɗina."

"Ruwa da gilashi suna ƙara wa abu girma. Ka manta ni ke koyar da wannan?"

Ya share gemunsa, ya dube ni. "To, Malama mai koyarwa, abu ɗaya nake roƙo. Bana kar ki taɓa min na'urar zafin nan."

Na ajiye kofina. Ashe ya sani.

Bari in faɗi abin da na yi, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sau biyu Kyaftin ta taɓa shirin tafiya a hannuna, shekara goma sha shida da suka wuce, da kuma shekara bakwai. Na karanta cewa in ol ya shirya aka hana shi hanya, yakan haƙura ya koma yadda yake. Sai na faki ido na ƙara wa tankinta ɗumi, na bar fitila a kunne dare da rana, na rage ƙarfin ruwan da ke shigowa. Na mayar mata da kaka tsakiyar bazara. Duk sau biyun ta yi 'yan makonni tana kai da komo, sannan azurfar ta dusashe, ta karɓi tana daga hannuna. Washegari na tsaya a gabanta na yi wa yara wa'azin kada a tare ol.

"Tun yaushe ka sani?" na ce.

"Tun na farkon. Ni ke karanta mita fa." Ya ɗauki wani burodin. "Na yi magana da manaja. Ta ce kifin gidanku ce, aro aka ba mu, ba mai sa baki. Ke da tsohon za ku yanke. Amma ki sani, wannan karon ko kin dafa ta ba za ta koma ba, ta tsufa. In ba ta tafi ba kafin sanyi ya kama, a tankin nan za ta rame ta mutu, kina kallo."

Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Na ce masa tun da ya zo gidan nan bai iya komai ba sai ci, na bugo ƙofa na fita.

Ranar Alhamis Baba ya zo, kamar kowane mako. Ba don ni yake zuwa ba, don miyar wake da naman alade ce da ake dafawa a ɗakin abincinmu, wai ta fi tawa. In ya ƙoshi sai ya dogara sandarsa ya je ya gaida Kyaftin. Na yi ta dabarar in tsayar da shi da hira, ya ratse ni ya wuce. Ya tsaya a gaban tankin ya daɗe, sannan ya ɗora tafin hannunsa a gilashi.

"Ta ɗaure kayanta," ya ce.

"Ba ta da lafiya ne, Baba."

"Malama, idona ya mutu, amma ba a kan wannan ba. Dubu nawa irin ta suka bi ta hannuna? Ko a duhu na taɓa ol na san mai zama, na san mai tafiya."

"Shekararta saba'in! Ina za ta? Ko mashigar babban teku ba za ta kai ba wani abu zai haɗiye ta."

"To, ya haɗiye ta mana. Ai gara a mutu a hanya da a mutu a kwalba."

Raina ya ɓaci, muryata ta tashi har wata mata ta janye 'ya'yanta zuwa tankin ƙaguwa. "Kai ne yau mai tausayin ol? Kai da ka banda su har rufin rumfarka ya yi baƙi?"

"Na kama, na banda, na sayar, na biya miki makaranta da su har kika dawo kika rufe min rumfa." Bai ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo. "Amma ni ban taɓa kulle guda a gilashi ina nuna ta da sanda ina cewa a bar su su wuce ba. Laifi tudu ne, 'yar nan."

Ya nemi benci ya zauna, ya ɗora haɓarsa a kan sanda.

"Zauna ki ji, ni ma ba wankakke ba ne. Shekarar da aka haife ki, da kaka, na fito ɗibar ruwa na ji ta tana dukan bangon rijiya. Fal, fal, fal, ba hutawa. Na haska tocila na ga azurfa. Na san abin da take so sarai, rafi kuma taku ɗari ne daga ƙofarmu. Kin san me na yi? Dutse na ɗauko na danne murfin. Na ce wa uwarki don kar ki faɗa ne, ke da ko zama ba ki iya ba." Ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Sabo turken wawa. Ni na danne ta da dutse, ke kuma da me?"

"Da ɗumi," na ce a hankali. "Sau biyu."

"Allah sarki Kyaftin. Ta faɗa hannun dangin masu riƙo."

"To ka ce a sake ta mana, ai taka ce."

"A'a. Na ba ki ita tun ranar da kika ɗauke ta a bokiti, ba na kyauta in ƙwace. Ke za ki buɗe ƙofar." Ya miƙe da ƙyar. "Wata zai mutu ranar Talata, kuma iska za ta juyo daga yamma. A irin wannan duhun suke fita. Ni dai na faɗa miki, kar ki ce ba ki sani ba."

Da aka tashi ƙarfe biyar, kowa ya watse, na sauka ɗakin injina. Ba zan ɓoye ba, na murɗa na'urar zafin, har layi huɗu. Tsoro nake ji. Ban san yadda ake tsayawa a gaban yara talatin ba tare da ita a bayana ba. Ban yi aure ba, ban taɓa zama a wani gari ba in ban da shekarun karatu. Tekun Sargason nan da nake kwatantawa kamar bayan gidanmu, a taswira kawai na san shi. Ita ce aikina, ita ce kuma abin da ya rage da ke sa Baba ya tako inda nake.

Na hau sama na zauna a bencin da Baba ya tashi. Shuɗin hasken yana ta rawa a rufi, injina suna gurnani. Ban yi barci ba, amma ba zan rantse ina farke ba. Sai na ga gilashin ya narke, ruwan ya cika zauren a hankali, ya wuce benci, ya wuce kafaɗata, ban ji sanyi ba, ban nemi numfashi ba. Kyaftin ta wuce ta gefen kunnena, na bi ta. Muka fita ta ƙofar gaba, muka bi kan titi, muka wuce coci, kararrawar tana lilo cikin ruwa ba sauti. Rijiyarmu ta wuce ta ƙarƙashinmu, murfinta a buɗe. Daga nan ƙasa ta yi ta nisa har ta ɓace. Da rana mu nutsa can inda babu launi, da yamma mu taso inda ruwa ke da ɗan ɗumi, kullum haka, ba ci ba sha, ba gajiya. Wasu suka fito daga dama da hagu, daga kogunan da ban san sunansu ba, duk azurfa, duk fuskarsu waje ɗaya. Ba mai ja-gora a cikinsu. Can gaba na fara jin ƙanshin wani ruwa da ban taɓa sani ba, amma na gane shi, har hawaye ya zo min. Na juya in gaya wa Kyaftin, sai na ga ba ta san ina wurin ba. Ba ta taɓa sani ba.

Wani ɗan sauti ne ya dawo da ni. Tak, tak, tak. Na matsa kusa da gilashi. Kyaftin ce ke dukan ragar ƙarfen da ke bakin bututu da hancinta, ta ja baya, ta sake duka. Fatar hancin ta saluɓe, wurin ya yi fari da ɗan ja. Tun yaushe take yin haka in an kashe fitila? Kwana da kwanaki ina kallon tana, ban kalli fuskarta ba.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na sauka da gudu har na gurɗe ƙafa a matakala, na mayar da na'urar inda take, na ƙara rage ta. Sannan na kira Sölve.

"Ina cin abinci," ya ce.

"Yaushe ne ba ka ci? Kwana nawa za ka ɗauka ka saba mata da ruwan gishiri?"

Na ji ya ajiye cokali. "Huɗu. Talata ta yi?"

"Talata ta yi."

Kwana huɗun nan Sölve yana ƙara mata ruwan teku kaɗan kaɗan, yana rage ɗumi. Ya kawo shawarar a ɗaura mata 'yar na'urar da za ta riƙa nuna inda take. Baba ya ce ko kusa. "Shekara saba'in ana leƙenta ta sama, ana leƙenta ta gefe. Ku bar baiwar Allah ta yi tafiyarta ba ɗan rakiya." Na so na'urar nan kamar me, amma na haƙura.

Ranar Talata ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya fara duhu, ana yayyafi, iska tana kaɗawa daga yamma kamar yadda Baba ya ce. Muka sa ta a babbar robar ruwa a bayan motar aiki, muka gangara bakin kogi, ƙasa da madatsar ruwan garinmu, daidai inda Baba ya saba kafa tarunsa. Guntayen turakunsa na nan sun yi gansakuka. Ya zo da tsohuwar rigarsa ta roba ta zuwa su wadda bai sa ba tun da aka rufe rumfa, tana warin hayaƙi har yanzu.

"Ba a ɗaukar ol da hannu tsirara, Malama, sai ya zame ya fasa kai. Miƙo buhun nan. Jiƙa shi tukuna! Digiri biyu, ba ki iya jiƙa buhu ba."

Na jiƙa, na naɗe ta a ciki. Ta fi yadda nake zato nauyi, kuma duk jikinta ƙarfi ne. Shekara ashirin da bakwai, wannan ne karo na biyu da na taɓa ta. Na shiga ruwa da dogayen takalman roba har gwiwa, Sölve yana riƙe da Baba a bakin gaɓa. Na sunkuya, na nutsar da buhun. Hannuna ya ƙi buɗewa.

"Vendela," Baba ya kira. Rabon da in ji sunana a bakinsa har na manta. "Saki."

Na saki.

Ba ta tafi nan take ba. Ta zame ta kwanta a kan yashi tsakanin ƙafafuna, tana buɗe baki tana rufewa, tana ɗanɗana ruwan. Zuciyata ta ce ka ga, ba ta son tafiya, ɗauke ta ku koma. Har na fara miƙa hannu. Sai ta juya kanta a hankali, ta bar kogi a baya, ta fuskanci inda igiyar ruwa ke karyewa. Azurfar ta walƙa sau ɗaya. Na yi ta zura ido, babu komai sai ruwan toka da ɗigon yayyafi.

Baba ya cire hularsa, ruwa yana sauka a kan sanƙonsa. "Sauka lafiya, Kyaftin. Ki yafe mana dutsen."

Ni kuka na yi, mai sauti, irin na yara. Sölve ya laluba aljihu ya miƙo min rabin burodi mai kirfa, don bai san abin da zai yi ba. Na ci.

Washegari ƙarfe tara aji guda ya iso. Manaja ta ce a zuba wasu kifayen a tankin, na ce a bar shi haka. Na tsaya a gaban ruwan da babu komai cikinsa sai duwatsu da bututu. Na ba su labarin kamar kullum, sai dai da na zo wajen maganar tare hanya, na gaya musu wadda ta tare. Na ce ni ce, sau biyu, babana sau ɗaya. Ban taɓa ganin yara sun kalli tanki kamar yadda suka kalli wannan ba. Suka yi ta tambaya, yanzu tana ina, tana jin tsoro, za ta kai? Na ce ba wanda ya sani, don ita ce gaskiya, ni kuma na gaji da ƙarya.

Sölve ya manna babbar taswira kusa da tankin, muka soka jan fil a bakin koginmu. Kowace safiya ina matsar da shi gwargwadon tafiyar da ol kan yi a yini. Ba ilimi ba ne, mafarki ne da ma'auni, kuma haka na rubuta a ƙasan taswirar. Baba ya koma zuwa sau uku a mako, har ranakun da ba a dafa miyar wake.

"Ina ta kai?"

"Ta wuce arewacin Sikotlan."

"Kai, kina ja mata rai. Kyaftin ta fi haka sauri. Ƙara mata yatsa ɗaya."

Sai in ƙara. Da fil ɗin ya isa Sargaso, muka tsaya mu uku muna kallonsa. Har yau yana nan a soke, ya yi tsatsa.

Kowace shekara a watan Yuni muna da wani aiki a madatsar ruwan nan. Ƙananan ol da suka iso daga teku ba sa iya haye ta, sai su taru a wani akwatin tarko da muka kafa a gindinta. Mu kwashe su a bokiti, mu ƙirga, mu hau da su sama mu zuba a kogi. A Yuni na huɗu bayan tafiyar Kyaftin, wanda a lissafi shi ne lokacin da 'ya'yanta za su iya isowa in har ta kai, Baba ya ce sai an je da shi. Lokacin ya daina tafiya, a keken guragu yake, ya rame har rigar robar ta yi masa yawa. Sölve ya tura shi har saman madatsar, yana haki yana cewa tsohon nan ƙashinsa na ƙarfe ne.

Ɗari biyu da sittin da ɗaya muka samu a ranar. Na ajiye bokitin a gaban Baba. Suna ta yawo a ciki, sirara kamar allura, wasu har ana ganin ƙashin bayansu ta cikin jiki, kowane da ɗigon ido biyu baƙaƙe. A aljihun kwat ɗina akwai wata kwalba da na wanke tun daren jiya, na huda murfinta. Na gaya wa kaina ɗaya tak ba zai rage komai ba, tankin kuma ya daɗe babu kowa.

"Sa min ɗaya a hannu," Baba ya ce.

Ya haɗa tafukansa, na zuba masa ruwa da guda ɗaya a ciki. Ruwan yana zurara ta tsakanin yatsunsa. Ya kawo fuskarsa kusa sosai, don idon ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ya daɗe yana kallon ɗan abin nan yana zagaye tafinsa. Sannan ya yi masa magana ƙasa ƙasa, yadda ake tambayar wanda ya dawo daga garinku.

"Kai ɗan nan, ta isa kuwa?"

Na buɗe baki in ba da amsar da nake ba yara. Na dubi wuyansa da ya zama kamar tsinke a cikin rigar.

"Ta isa, Baba," na ce. "Ba ka ga idon ba? Nata ne sak."

"Na gani," ya ce. "Tura ni bakin ruwa."

Muka tura keken har tayoyin gaba suka jiƙe. Sölve ya riƙe shi ta ƙugu, ya sunkuya iya ƙarfinsa, ya buɗe hannuwansa a cikin kogi. Ni ma na karkata bokitin a gefensa, na jira har na ƙarshe ya fita, na ɗauraye na sake dubawa.

A hanyar komawa mota kwalbar tana bugun cinyata. Baba ya ji ƙararta, ya ce mene ne wannan a aljihunki, Malama?

Na ce kwalba ce, ba komai a ciki.